An ba ɗana jan labule, ya ce ya fasa wasan

Kin ce ɗanki ya yi fushi don a wasan kwaikwayon makarantarsu an ba shi jan labule, shi kuwa jarumi yake so ya fito. 'Yar'uwa, kada ki je roƙon malamin. Ki bar shi ya je gwaji ya gani da idonsa: labule ya makara da daƙiƙa biyar, jarumi na tsaye baki buɗe, yara na ta dariya.

Kuma na bayan fage shi ke jin kowane baiti sau goma. Haka tawa 'yar ta haddace waƙar rufewa kaf, har tana gane inda amsa-amo ya karye. Yanzu ko wanke-wanke take yi, sai ki ji tana rerawa, tana buga cokali daidai da karin.