Amsa ga mai neman sanin iyayen shukarsa mai tulu

Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton da tambayarka: ka sayi Nepenthes, shukar nan mai tulu da ke cin ƙwari, a wurin masu furanni na bakin titi a nan Kaduna, an ce maka ruwa biyu ce, kana son sanin su wa aka haɗa.

Da farko ka cire launi daga lissafi. Hasken rana ne ke ƙara jan nan ko ya rage shi. Na taɓa dasa rassa biyu na uwa ɗaya, na baranda ya yi ja wur, na ƙarƙashin mangwaro ya tsaya kore.

Siffa za ka bi. Tulun da ke hotonka dogo ne, gindinsa a kumbure, ya ɗan tsuke a ƙugu, jikinsa sumul ba zane. Shi ya sa nake kyautata zaton ventrata ce, wato haɗin nau'o'in Nepenthes biyu, ventricosa da alata, dukkansu 'yan ƙasar Filifin. Tsukewar ƙugun gadon ventricosa ce, tsawon wuyan kuma na alata. Ventrata tana cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwa saboda juriyarta, sau da yawa ma da sunan alata ake sayar da ita.

Sai dai hoto ɗaya ba ya yanke hukunci. Ɗaga murfin tulun ka leƙa ƙarƙashinsa, nan mutane suka fi mantawa. In ka ga wani tudu kamar ƙugiya kusa da inda murfin ya manne, da ɗan tsinke a can ƙarshensa, to akwai jinin wani nau'in da ake kira maxima. Shafa karan ma. In yana da gashi ruwan ƙasa, ganyen da faɗi, tulun dabbare-dabbare da leɓe mai kauri, ka karkata ga Miranda, wadda ta fito daga maxima da northiana. Tulu gajere mai tumbi, murfinsa siriri ya kwanta baya, wannan aikin ampullaria ne.

Ka kuma sani tulun da ke fitowa a ƙasan shukar da na samanta ba kamarsu ɗaya ba. In shukar ta fara hawa, tulun kan sirance, gezar nan biyu da ke gaban tulun ta ragu. Ga shi yanzu hunturu ne, iska a bushe, abin da za ta fitar ƙanana ne marasa cikakkiyar siffa, in ma ta fitar. Ka riƙa ba ta ruwan sama in ka tara, ka kare ta daga iskar nan, ka jira damina ta kankama.

Tabbas ɗari bisa ɗari kuwa yana hannun wanda ya yi haɗin. A jinsin nan namiji daban, mace daban, kuma ruwa biyun ma suna haihuwa, don haka wata kakanninta uku ne ko huɗu. A takardarka rubuta "mai yiwuwa ventrata". In tulun damina ya buɗe, turo mana hotonsa ta gefe, da ƙarƙashin murfi, da inda ganye ya kama kara, mu sake dubawa tare.