Amsar Gwaggo kan sauran tuwo da toka

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, ina fata kina lafiya ke da maigidan. Kin ce kin ga surukarki ba ta yarda a zubar da sauran tuwo, har ƙanzo da dusa da toka tana sa a ware, kina tambaya ko al'ada ce ko dai saura ne na zamanin babu.

Al'ada ce, 'yata, kuma da ita birnin nan na Kano ya ci da kansa. Da muna yara a cikin gari, mutanen ƙauye kan shigo da jakuna ɗauke da itace da kara. Ba sa komawa da mangala wayam. Tokar murhu, kashin awaki da na kaji, sharar tsakar gida, duk su ake loda musu su kai gona. Takin nan ne ya sa gonakin da ke kewaye da Kano ake noma su shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba, kuma ba su mutu ba. Manomi ya shuka gero da wake a gona ɗaya, waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabba da rani. Gawo kuwa ba a sare shi, don da damina yake zubar da ganye, bai tare wa shuka rana ba, ya kuma bar mata taki.

A cikin gida ma haka. In an surfa dawa, dusar ta awaki ce, ruwan wankin hatsin ma su ake ba. Tuwon dare da ya rage shi ne ɗumamen safe, bayan an fitar da na almajiri. Ƙanzo a kankare shi daga gindin tukunya, a shanya a kan faifai har ya bushe ƙayau, ranar da ake so a jiƙa shi, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono. Wallahi har yau ban ga abin da ya fi shi daɗi da hantsi ba.

Abin da ke damuna shi ne leda. Yanzu toka da ɓawo da leda da batir duk bola ɗaya suke tafiya, manomin da ya kwasa sai ya zauna tsince su, akuyar da ta haɗiyi leda kuma ta rame ta mutu. Don haka ki ware sauran abinci da toka daban, masu kiwo na unguwarku za su karɓa da murna.

Sai ki riƙa bin lokaci. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, gonakin noman rani na Kadawa da Kura ke cika mana kasuwa da tumatir lokacin sanyi, har kwando ya yi arha a kasuwar Yankaba, wani ya ruɓe a ƙasa. Lokacin ne za ki saya da yawa, ki yanka ki shanya kauɗa, haka kuɓewa da tattasai, kafin damina ta zo su yi tsada. Hatsi kuma da kaka ake sayensa, ko a kasuwar Dawanau ko a hannun wanda kika sani.

Ki yi hankali da wake. Wasu na zuba masa maganin ƙwari don ajiya, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Mu da toka da barkono muke ajiye shi, yanzu kuma ga buhu mai ninki uku da ke toshe iska, ƙwaro ya mutu ba magani. In kin ji wake na warin magani, kada ki saya.

Ki zauna kusa da surukarki ranar da take kaɗa miyar kuka, ki ga yadda take sa daddawar kalwa. Ki gaishe min da ita sosai.