Hukuncin Barin Yara Su Kalli Finafinan Mayu da Matsafa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana uku, babbar shekararta 11, autan kuma 5. Sun maƙale wa finafinan ban tsoro na mayu da matsafa, irin waɗanda ake cewa na yara ne da iyali. Autan ya fara firgita cikin dare. Ya halatta in bar su su ci gaba da kallo?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya raya miki su bisa Sunna.

Malamai sun yi saɓani kan fim shi kansa, saboda hoto da kiɗa, kuma wannan magana ce daban. Tambayarki kan abin da ke cikin fim ɗin ne, don haka hukuncin yana bin yadda aka nuna sihirin.

Sihiri babban laifi ne. A Suratul Baƙara aya ta 102 Allah Ya ce shaiɗanu ne suka kafirta suna koya wa mutane sihiri. Annabi (SAW) ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. Idan fim yana nuna yadda ake kiran aljanu, ko yanka don wanin Allah, ko kalmomin tsafi da yaro zai iya haddacewa ya maimaita, haramun ne ga babba da yaro.

Wanda ya fi ruɗar iyaye shi ne fim ɗin da babu jini a ciki, babu batsa, amma jarumin shi ne matsafin. Duk lokacin da ya shiga tsaka mai wuya, sanda ko layarsa ce ke fid da shi, kuma an raba sihirin gida biyu, wai akwai fari akwai baƙi. Shari'a ba ta san wannan rabon ba; Suratu Ɗaha aya ta 69 ta ce masihirci ba ya cin nasara duk inda ya je. Yaro kuwa jarumi yake kwaikwayo. Wannan ba ya halatta a bar wa ƙananan yara, ko da kuwa dariya ce daga farko har ƙarshe.

Saura wanda mayyar ita ce muguwa, aka ci galabarta da gaskiya da dabara. Wannan ya fi kusa da tatsuniya, kuma ƙagaggen labarin da kowa ya san ƙage ne bai shiga ƙaryar da aka haramta ba. Ya halatta da sharaɗin kada ya firgita yaron. Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta ga Musulmi ya razana Musulmi ba, to ina ga ɗan shekara 5? Yaron da bai kai bakwai ba yakan kasa raba abin allo da zahiri. Fuskar da ke rikiɗewa da ƙarar da ke tashi kwatsam su ne ke bin sa har shimfiɗa. Tunda autanki ya fara firgita, wajibi ne ki tsayar masa da kallon, ko da fim ɗin na wannan kashin ne. Ita babbar za ta iya kallo tare da ke. Ki kuma lura mata cewa tsufa da munin fuska ba alamar maita ba ne, domin waɗannan finafinan sun saba sanya tsohuwa a matsayin mayya, zato kuma wani sashensa zunubi ne.

Kada alamar shekaru ta yaudare ki. G da PG da PG-13 na Amurka, da U da 12A na Birtaniya, suna auna tashin hankali da zagi da tsiraici da ban tsoro ne, ba ruwansu da aƙida. Ita PG-13 ma sai a 1984 aka ƙirƙiro ta, bayan an yi ta koken cewa wasu finafinan PG sun fi ƙarfin yara. Don haka ki fara kallon fim ɗin ke kaɗai, ko aƙalla tallansa da taƙaitaccen labarinsa. Ki buɗe musu shafin yara a manhajar da suke kallon fim a ciki, ki kulle naki da lambar sirri, ki kashe tsarin da ke kunna fim na gaba da kansa. Kallo ya zama da rana, a inda kike ganin allon.

Game da firgitar, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi gaggawar cewa aljani ne. Ki gaya masa kwalliya ce da aikin kwamfuta. Lokacin kwanciya ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafukanki ki shafe shi, sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito Annabi (SAW) yana yi wa kansa, ki haɗa da Ayatul Kursiyyu. Idan aka yi makonni bayan daina kallon bai daina ba, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, ki kai shi wurin likitan yara.

Wallahu a'alam.