Talla, Sanarwa da I'ilani: Amsa ga Masu Karatu na Jidda da Makka

Wata Hajiya daga Jidda ta rubuto mini cewa 'yarta tana sakandare, kuma a darasin kafofin watsa labarai an ba su aikin nazarin mujallu da tallace-tallacen da ke ciki. Yarinyar ta tambaye ta yadda ake cewa "i'ilani" da Hausa, ita kuwa ta rasa wanda za ta zaɓa tsakanin talla da sanarwa.

Hajiya, Allah Ya raya mana ita, Ya sa albarka a karatun. Ruɗanin da kika shiga yana da dalili. A Larabcin yau, kalmar i'ilan tana ɗaukar abu biyu: da ita hukuma ke faɗin ranar komawa makaranta, da ita kuma mai turare ke kiran masu saye. Bahaushe ya raba su tun tuni. Sanarwa daga "sani" ta fito, wato a sa mutum ya san abin da bai sani ba, kamar ɗaurin aure, ko rasuwa, ko ganin wata. Mai sanarwa ba ya neman komai a aljihunki. Idan daga fada maganar ta fito, aka zaga gari ana ɗaga murya, wannan shela ce. Talla kuwa yana da manufa guda, a saya.

Asalin talla yawo ne da kaya a ka. Na taɓa tsayawa a Shara Mansur a Makka bayan la'asar, ina jin wata dattijuwa tana kiran fura da irin muryar da ake ja a lungunan Kano. Ba ta ce fura kawai ba, sai da ta ƙara "mai sanyi, mai laushi". Ƙarin nan shi ne tallan. Duk abin da kamfani zai biya kuɗi a buga masa a shafin mujalla, wannan ƙarin ne aka faɗaɗa, aka sa masa hoto da launi. Saboda haka ki ce wa yarinya ta riƙa yi wa kowane shafi tambaya ɗaya: sanar da ni ake yi, ko tallata mini ake yi? Akwai shafukan da ake tsara su kamar labari alhali talla ne, kuma a ganina su ne suka fi cancantar a zauna a kansu a aji, domin su ne suka fi kama mutum bai shirya ba.

A kula kuma da kalmomi biyu da yaranmu na nan ke yawan cakuɗawa. Tallata ita ce ta kasuwa: ya tallata hajarsa. Tallafa ta taimako ce: ya tallafa wa marayu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Akwai wani abu da nake so ta kai wa malaminta. Gajeriyar jimlar nan da kamfani ke maimaitawa a ƙarƙashin sunansa, Hausa tana kiranta take. Alamar da yake bugawa a jikin kayansa kuwa tambari ce. Dukansu biyu daga kiɗa muka same su. Take shi ne ɗan gajeren kiɗan da makaɗi ke yi wa mutum, wanda da an ji shi an san wa ake nufi ko ba a kira suna ba. Tambari kuma gangar sarauta ce, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Larabci ya haɗa biyun a kalmar shi'ar. Dogon yabon da ake jera wa kaya kuwa, ni kirari nake kiransa, kuma yaron da ya taɓa jin maroƙi yana wasa attajiri a wurin biki ya riga ya san yadda kirari ke aiki.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ce a Makka. Ya ce abokansa suna masa dariya idan ya ce "mujalla", wai "majalla" ce daidai. Yana kuma son sanin ko jarida Hausa ce.

Ɗana, a Larabci majalla ce, a Hausa mujalla ce, jam'inta mujallu, kuma ba ka yi kuskure ba. Kalma idan ta shiga baƙon harshe takan ɗauki lafazin masu gida. Ai tsirenmu ma da ya zauna a Hijaz sunansa ya ɗan sauya a bakin Larabawa. Jarida ita ma aro ce, kuma asalinta yana ba ni sha'awa ƙwarai. Jarida a tsohon Larabci reshen dabino ne da aka zage wa ganye. Ita ce kalmar da ta zo a hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaga ɗanyen reshe biyu ya kafa a kan kaburbura biyu. Larabawan da sukan yi rubutu a kan irin waɗannan rassa, daga nan ma'anar ta gangaro har ta iso takardar labarai.

Tunda nazari kake yi, ga abin kwatantawa. An fara buga jaridar Ummul Ƙura a Makka a 1924, mujallar Al-Manhal kuma a Madina a 1937 a hannun Abdulƙuddus al-Ansari. A 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Dubi sunan ta ukun da kyau. Kwabo ake sayar da ita a lokacin, sunan kuma yana gaya wa mai saye cewa abin da zai samu ya fi abin da zai biya. Suna ne, take ne, talla ne, duk a kalmomi huɗu.

Ta ƙarshe, wata ɗaliba ta ce ta nuna wa kakarta tallan turare a mujalla: kwalba mai ruwan zinariya a kan rairayi, rana tana faɗuwa a bayanta, farashin kuwa an maƙale shi can ƙasa da ƙananan haruffa. Kakar ta duba ta ce, "Kallon kitse ake wa rogo." Me take nufi?

'Yata, rogo idan an ɓare shi fari ne tas, daga nesa sai a ɗauka kitse ne, sai an kai baki a ji bambanci. Kakarki tana cewa hoton ya yi alkawarin abin da kwalbar ba lallai ta cika ba. Ba a jin ƙamshi a takarda, shi ya sa aka ba idonki zinariya da faɗuwar rana a madadinsa. Rubuta wannan a aikinki, ki sa karin maganar da Hausa, ki fassara wa malamarki. Idan kuma kin wuce shagunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kin ga an manna "takhfidat", wato rangwame, da jan rubutu a gilashi, ki tambayi kakar abin da ake nufi da "araha ba ta ado", ki rubuto mini amsar da ta ba ki.