Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: ina ake samun cikakken wasan okestira a intanet?

A wannan makon saƙonni huɗu na zaɓo, kuma duk sun taru a kan abu guda: kiɗan gargajiyar Turawa da ake kira okestira, wanda makaɗa sittin zuwa ɗari ke zama a dandali ɗaya, madugu na tsaye a gabansu da ɗan siririn sanda. Ban zaci yana da masoya haka a Kaduna ba.

Tambaya ta farko daga wani matashi ce a Tudun Wada: "Malam, kiɗan nan da ake sawa kafin a take ƙwallo a Gasar Zakarun Turai yana burge ni. Ina son in ga makaɗan da idona, amma duk abin da na nema a YouTube sai guntaye nake samu, ko hoton fure da kiɗa a bayansa. Yaya zan yi?"

Ƙanena, ka shigo ta ƙofa mai kyau. Taken da kake ji a gidan kallo wani Bature ne mai suna Tony Britten ya tsara shi a 1992, kuma ya gina shi ne a kan wata tsohuwar waƙa ta Handel, Zadok the Priest, wadda aka yi don naɗin Sarki George na Biyu na Ingila a 1727. Tun daga lokacin ba a naɗa sarki ko sarauniya a can ba tare da an rera ta ba, har naɗin Sarki Charles a 2023. Rubuta sunan waƙar yadda na rubuta shi, ka ƙara kalmar live. Ka yi haƙuri da farkonta: gogunan za su daɗe suna tafiya a hankali kamar ba za a fara ba, sai kwatsam mawaƙa da masu ƙaho su ɓarke gaba ɗaya. Wajen nan ne tsigar jiki ke tashi.

Matsalarka ta guntaye kuwa daga yadda kake nema take. Idan ka rubuta classical music kawai, YouTube zai turo maka tarkacen da aka haɗa don masu karatu ko masu neman barci. Kiɗan nan yana da adireshi: sunan wanda ya tsara shi, nau'in aikin, lambarsa, sannan ƙungiyar da ta kaɗa. Misali, Beethoven Symphony No. 5 Frankfurt Radio Symphony. Bayan sakamakon ya fito, taɓa ɗigo ukun nan da ke sama, ka shiga wajen tace bincike, ka zaɓi bidiyon da suka wuce minti 20. Nan take guntayen za su ɓace.

Na ambaci ƙungiyar Frankfurt ne da gangan. Tasharsu, hr-Sinfonieorchester, tana ɗora cikakkun wasanni kyauta, da hoto da sauti na gidan rediyo. Haka ma AVROTROS Klassiek ta ƙasar Holan, wadda yawancin wasanninta daga zauren Concertgebouw na Amsterdam ne, da DW Classical Music ta Jamus. Shawarata ita ce ka riƙa kallo daga tashar masu kiɗan da kansu. Wanda ya kwafo ya sake ɗorawa sau da yawa ya riga ya lalata sautin, kuma gobe kana iya komawa ka tarar an goge.

Idan kana son na gida, nemi African Suite ta Fela Sowande, haifaffen Abeokuta, wadda ya tsara a 1944 da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Akwai kuma ƙungiyar Chineke! da Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa a Ingila a 2015, akasarin makaɗanta baƙaƙen fata.

Ta biyu daga wata ɗaliba ce a Barnawa: "Wasa ɗaya sai ya kai awa guda ko fiye. Datata ba za ta iya ba. Akwai dabara?"

Akwai, ƙanwata. A ƙiyasce, awa guda a 1080p kan ci gig biyu ko fiye, a 480p kuwa wajen rabin gig. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne YouTube yana aiko hoto daban, sauti daban, kuma hoton ne mai cin datar. Sauke hoton zuwa 480p ko 360p, a mafi yawan lokaci kunnenki ba zai ji wani bambanci ba. A allon waya ma za ki ga hannun madugu da yatsun masu goge sarai. Kada ki bar shi a Auto, don da zarar netwok ya yi ƙarfi zai haye sama da kansa ba tare da ya yi miki sallama ba.

Idan bidiyon na da maɓallin Download a ƙasansa, sauke shi da datar dare mai araha ko a Wi-Fi na makaranta, ki kalla da rana. Wannan ya fi kallon kai tsaye ta wata fuskar ma: babu abin da ke kashe daɗin kiɗan nan kamar ya tsaya cak a tsakiya, da'irar nan tana juyawa.

Ta uku, wadda ta fi jan hankalina, daga wani dattijo ne mai ritaya a Unguwar Rimi: "Wani lokaci sautin ya yi ƙasa har in zaci wayar ta lalace, in na ƙara murya sai ya fashe mini kunne. Sannan su kan yi shiru, ba wanda ya tafa, su sake farawa. Laifin wayata ne?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya, wayarka ƙalau take. Waƙoƙin zamani ana matse sautinsu a situdiyo ta yadda farko da ƙarshe duk ƙarfinsu ɗaya, don su ji daɗin sauraro a cikin Keke Napep ko a shago. Okestira ba a yi mata haka. Mai sarewa ɗaya zai iya busawa shi kaɗai, bayan minti guda mutum casa'in su amsa masa, kuma wannan tazarar tsakanin raɗa da tsawa ita ce rabin abin da aka zo ji. Lasifikar waya ba ta da girman da za ta ɗauki wannan. Manyan gogunan nan da ake kaɗawa a tsaye ma ba ta fitar da muryarsu ko kaɗan.

Don haka in akwai inda za a kashe kuɗi, a kan abin sawa a kunne ne, ba a kan sabuwar waya ba. Mai igiya na kirki ya wadatar, kuma ba ya buƙatar caji ranar da aka ɗauke wuta. In za ka saya a kasuwar Sheikh Gumi, ka sa a gwada maka da irin wannan kiɗan, ba da waƙar da mai shago ya zaɓa ba, don shi mai dukan ƙirji zai sa maka. Ga yadda za ka gane: a yawancin wasanni ƙananan goguna na zaune a hagun madugu, manyan a dama. Ya kamata ka ji su haka a kunnuwanka biyu. In komai ya dunƙule a tsakiyar kai, duba saitin wayar a sashen Accessibility, ka kashe Mono audio. A cikin YouTube kuma, in ka ga Stable volume a kunne, kashe shi, domin aikinsa ke nan daidaita ƙarfin sauti, abin da ba ma so a nan.

Wajen saita murya, fara da wurin da ya fi ƙarfi, galibi mintunan ƙarshe, ka daidaita yadda ba zai dame ka ba, sannan ka koma farko kada ka sake taɓawa. Ka kuma zaɓi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru. Bayan sallar asuba ya fi.

Shirun da kake gani kuwa al'adarsu ce. Babban aiki irin simfoni yakan kasu kashi huɗu, wani mai sauri, wani mai nutsuwa, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshen duka. Sai dai ka ji tari daga 'yan kallo. Kalmomin da ke ƙarƙashin bidiyon, irin su Allegro da Adagio, sunayen kason ne, kuma in ka taɓa lokacin da aka rubuta kusa da su za ka tsallaka can kai tsaye. Kafin a fara ma za ka ji an busa wata doguwar murya guda, kowa ya bi ta yana gyara kayansa. Mai busa obo ne ke bayar da ita, 'yar'uwar algaitarmu.

In kai mai son ganga ne, gwada Boléro ta Ravel, ta 1928. Minti 15 ce ko ɗan fiye. Ƙaramar ganga ɗaya ke riƙe da kari guda tun daga farko har ƙarshe, ta fara da ƙyar ake jin ta, kayan kiɗa na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ka zuba wa mai gangar ido in kyamara ta kai kansa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata ma'aikaciyar jinya a Kawo: "Ya dace in biya kuɗin Digital Concert Hall?"

Wannan dandalin ƙungiyar Berlin Philharmonic ne, sun buɗe shi a 2008, suna watsa wasanninsu kai tsaye, ga kuma rumbun tsofaffin wasanni. Ingancinsa ba a magana. Amma da Yuro ake biya, kuma kin san yadda canji yake. Ni dai ba zan ba wanda bai ƙure na kyauta shawarar ya biya ba, na kyautar kuwa sai ki shekara ba ki ga ƙarshensa ba. In kin yanke shawarar shiga, tabbatar katin bankinki na biyan kuɗin waje, sannan ki kula da agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Jamus da namu ɗaya ne, sauran watannin kuma sun riga mu da awa guda. Wasan da aka rubuta ƙarfe 8 na dare a watan Mayu, ƙarfe 7 zai fara a Kaduna, wato ana idar da magariba.