Amsa kan auna aikin tankunan kumfa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ke aiki a tankunan kumfa, inda kumfar iska ke ɗauko ma'adinin jan ƙarfe daga niƙaƙƙen dutse da ke cikin ruwa, da ya ce kumfarsa na fitowa da kyau amma jan ƙarfen da suke samu ya ragu, yana tambaya ta ina zai fara, to saurara.

Kada ka yarda da ido kaɗai, kumfa tana ruɗi. Samfuri uku za ka kai ɗakin gwaji: abin da ke shiga tanki, tsabar da kumfa ta ɗauko, da dusar da ke fita ta ƙasa. A ce mai shiga yana da jan ƙarfe kashi 1 cikin ɗari, tsaba kashi 25, dusa 0.1. Cire 0.1 daga 1, ka ninka da 25, ka samu 22.5. Cire 0.1 daga 25, ka ninka da 1, ka samu 24.9. Raba na farko da na biyu, kun kama kusan kashi 90 cikin ɗari na jan ƙarfen da ya shiga ke nan. Yanzu mayar da dusar 0.15, ka sake lissafin. Ya faɗo 85.5! Shi ya sa nake cewa dusar nan ita ce abin tsoro.

Kuma wajen ɗibarta ake ɓata komai. Manyan ƙwayoyi suna kwanciya a ƙasan kwata, wanda ya kamfata daga sama da gwangwani ya bar su. Ludayin samfuri ya ratsa faɗin ruwan gaba ɗaya, da gudu iri ɗaya, kada ya cika ya tumbatsa. Ka riƙa ɗiba duk minti 15 na awa ɗaya ko biyu, ka haɗa, kuma sai aiki ya zauna, ba lokacin da aka taɓa iska ko magani ba.

Daga nan ka tankaɗe dusar, ka auna kowane girma daban. In asarar tana cikin ƙwayoyin da girmansu ya haura maikiron 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), niƙa ce ba ta yi ba, ka koma wajen injin niƙa da saiklon, na'urar da ke raba manyan ƙwayoyi da ƙanana. In tana ƙasa da maikiron 10, an niƙa ya wuce kima, ƙara zantet, maganin da ke sa ma'adinin ya manne wa kumfa, ba zai ceto ta duka ba.

In kuwa tsabar ce ta yi rauni, wato jan ƙarfen cikinta ya yi ƙasa, duba pH, ma'aunin tsamin ruwan, tukuna. Da layim, wato farar ƙasa, ake riƙe shi wajen 10.5 zuwa 11.5 don a danne firait, ma'adinin ƙarfe da farar wuta da ba a so ya bi tsaba. Sannan ka ƙara zurfin kumfa. Amma ka sani, tsaba za ta gyaru, abin da ake kamawa zai ɗan ragu, don haka ka riƙa rubuta su biyun tare. Turo mana sakamakon tankaɗen mu duba.