Fitilar Man Mashin da Al'adar Girgiza Tanki

Ɗana, saƙonka ya iso, muna lafiya. A gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Ka ce fitilar man sabon mashin ɗinka tana yi maka wasa da hankali: ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. Manya kuma a majalisarku suna yi maka dariya, wai su ba su san fitila ba, tanki suke girgizawa su ji. Kana tambaya ko girgizar nan, da karkata mashin, da murɗa makullin mai al'ada ce kurum da aka gada ko tana da dalili, da kuma abin da ya sa ake jin haushin wanda ya ari mashin ya maido shi fitila na kunne.

Al'adar ta girmi fitilar. Mashinan da aka daɗe ana hawa a Katsina masu kafireta ne (na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin), irin su Jincheng da Boxer, mai da kansa yake gangarowa daga tanki ba tare da famfo ba. A ƙarƙashin tankin, galibi ta hagu, akwai makullin mai da yake da matsayi uku: ON, RES da OFF. Da za a kwance shi ka ga cikinsa, za ka tarar da ƙofa biyu: ɗan bututu dogo da ya miƙe cikin tankin, da wata ƙofa gajera a gindinsa. Idan yana ON, ta dogon bututun mai yake shiga. Mai na sauka ƙasa da bakin bututun, sai injin ya fara shaƙewa yana fizga, mai mashin ya miƙa hannun hagu ya murɗa zuwa RES, gajeruwar ƙofar ta buɗe. Wannan shi ne rizab. Ba wani tanki ba ne na daban kamar yadda yara ke zato, man ƙasan tankin ne. Fizgar nan ita ce fitilar mutanen da. Shi ya sa suke dagewa cewa da an sha mai a maida makulli ON kafin a bar gidan mai. Wanda ya manta shi a RES zai shanye tankin har ƙasa ba gargaɗi, in ya mutu kuma sai turi.

Karkatawa ma tana da hujja. Dubi yadda tankin ya hau kan ƙarfen mashin, kamar mangala a bayan jaki, ɓari ɗaya hagu ɓari ɗaya dama. Makullin yana ɓari guda, don haka sauran man da ke ɗaya ɓarin yakan maƙale. In aka kwantar da mashin zuwa gefen makulli na ɗan lokaci, sai ya tsallako, ya kai mutum gidan mai na kusa. Kada dai a kwantar da shi sosai, kafireta za ta yi ambaliya, fulogi ya jiƙe. Amma kafa baki a tanki ana hurawa, wannan ba al'adar ɗauka ba ce, tururin fetur kake shaƙa. Leƙa tanki da ashana ko laita kuwa ba sai na ce komai ba.

To, fitilar. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba ta auna mai. Wuri guda take tsaro a cikin tanki, ta faɗa maka ko mai ya rufe wurin ko bai rufe ba. Iri biyu aka fi yi.

Na farko wata 'yar sensa ce, cikin ɗan gwangwani da bai kai kan ɗan yatsa ba, an dasa ta kusa da ƙasan tanki. Wuta kaɗan tana bi ta cikinta koyaushe tana ɗumama ta. Muddin tana nutse, mai yana sanyaya ta, ita kuma in tana da sanyi ba ta barin wuta mai yawa ta wuce, ƙwan fitila ba ya kamawa. Da mai ya sauka ya bar ta a fili sai ta ɗau zafi, ta saki wuta, fitila ta kama. Ɗaukar zafin nan yana cin ɗan lokaci. Shi ya sa za ka ajiye mashin da daddare fitila na ci, da safe ka murɗa ki ka gan ta a mace, ka ce ai man ya dawo. Bai dawo ba, sensar ce ta kwana ta huce. Ka ba ta minti ɗaya ko biyu ka gani. Wani lokacin ma a dushe take farawa kafin ta yi haske sosai.

Na biyu fulot ne, ɗan roba mai iyo a bakin wani siririn ƙarfe, yana hawa yana sauka da mai. Shi ke motsa allurar mita, ko layukan da ke kan allo, inda na ƙarshe ke ƙyaftawa in mai ya yi ƙasa. Masu allo sukan jinkirta da gangan don kada layukan su riƙa rawa, saboda haka in ka sha mai kaɗan ba lallai ka ga canji nan take ba. Kuma in ka ga fitilun mita duk sun kama lokacin da ka murɗa ki suka mutu, gwaji ne suke yi, lafiya ce.

Kamawa da mutuwar da ta dame ka, man ne ya iso daidai bakin sensar. Ka taka birki ya kwarara gaba, ka ja wuta ya koma baya, ka sha kwana ya tafi gefe, ka faɗa rami ya yi tsalle ya watsa mata. Haka in ka jingina mashin da ƙafar gefe, komai ya koma hagu, karatun ya zama ƙarya ko ta sama ko ta ƙasa. In kana son gaskiya, ɗora shi a ƙafa biyu a ƙasa mai lebur, ka jira ya natsu. Ƙyaftawa sallama ce. In ta tsaya cak ba ta mutuwa, nan lissafi ya fara.

Lissafin kuma kowane mashin da nasa, kar ka ɗauki na wani. Ranar da ta tsaya cak, ka wuce gidan mai kai tsaye ka ce a cika. Duba littafin mashin ka ga lita nawa tankin yake ci, ka cire abin da aka zuba. Misali tankin lita 11 ne, ya sha 9, ka san fitilarka tana kamawa da saura lita 2. Sai ka rubuta lambar mitar tafiya, in ka sake cikawa ka raba kilomitan da litar da ya sha. In ka samu kilomita 40 a lita, a takarda kana da 80, kusan nisan Katsina zuwa Daura ke nan. A takarda, na ce. Ba duka man ƙasan tanki yake fitowa ba, goyo biyu da buhu suna ƙara sha, iskar hunturu in kana fuskantar gabas tana ƙarawa, taya mai saki ma haka. Ka ɗauki rabin lissafin a matsayin naka: wanda fitilarsa ta tsaya yana barin Katsina, ya nemi mai kafin ya wuce Mashi. Roba-roba kuwa, da tankinsa ke ƙarƙashin kujera bai wuce wajen lita 4 ba, in ya yi gargaɗi babu wani dogon zance.

Inda manyan naku suke da gaskiya shi ne fitila tana lalacewa shiru. Mai sensa, in ƙwai ya ƙone ko waya ta tsinke, ba za ta sake kamawa ba, kai kuma kana zaton da sauran mai. Mai rewaya yana gane wannan cikin sauƙi: ya zare soket ɗin sensar, ya haɗa wayoyin biyu na ɓangaren mashin, in fitila ta kama, ƙwai da waya lafiya, sensar ce ta mutu. Ba a yin wannan gwaji da tanki a buɗe. Samari masu canza ƙwayayen mita zuwa LED don ado su ma suna jawo wa kansu: sensar da tsohon ƙwai aka auna ta, ɗan wutar da ba ta isa ta kunna shi ba tana isar LED, sai fitila ta zauna kunne ko tanki a cike. Mai fulot kuma, in robar ta huje ta sha mai sai ta nutse, mita ta ce babu alhali akwai. In ƙarfen ya lanƙwashe ya maƙale a sama, ta ce cike har ka tsaya a daji. Nan girgiza take amfani. Tanki cike nauyi ne da shi, ba ya ƙara sosai. Rabi yana yin kwacal-kwacal. Na ƙasa kuwa wata 'yar siririyar ƙara ce can ƙasa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawa sun koma shan lita ɗaya ko kwalba a wurin 'yan bumburutu, fitila ta zama kamar ado, kullum a kunne. Mashin yana biyan wannan. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi da tsatsa da ƙura a ƙasan tanki suke taruwa, rizab kuma daga nan yake ɗiba, ya kai su jet, wato siririn ramin da mai ke bi a cikin kafireta, ya toshe. Tankin da ke zama wayam yana yin gumi daga ciki, tsatsa ta ƙaru. In naka mai injekta ne ma, wato wanda famfo ke tura wa mai ana fesa shi cikin injin ba tare da kafireta ba, ya fi muni: babu rizab ɗin murɗawa, famfonsa yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, in ya riƙa zuƙar iska ƙonewa yake yi. Kuɗin man wata ɗaya dai iri ɗaya ne ko a sama kake ajiye shi ko a ƙasa. Ka daure sau ɗaya ka kai shi rabi, ka riƙa ƙari daga nan.

Wani abu kuma da ke kama da ƙarewar mai: murfin tanki yana da ɗan rami na shan iska. Ƙura ta toshe shi, mashin ya riƙa mutuwa bayan 'yar tafiya, fitila a mace. Buɗe murfin, in ka ji ya yi fuu ya zuƙi iska, mashin ya tashi, murfin za a wanke.

Maganar aro kuwa, daga rizab ta samo asali. Mai mashin ya san ya bar makulli a ON, ya dogara da cewa akwai ajiya a ƙasa. Kai ka ara, ka murɗa RES, ka ajiye ba ka faɗa ba; dare ya yi a ce a kai mara lafiya asibiti, mashin ya mutu a hanya, ya kai hannu ya tarar an riga an murɗa. Don haka ƙa'idar ita ce ka maido man yadda ka same shi ko sama da haka, makulli a ON. In aljihu bai ba ka dama ba, ka faɗa da bakinka lokacin da kake miƙa ki: fitila ta kama tun wuri kaza, na yi kamar kilomita kaza a kanta.

Ka aiko mani da sunan mashin ɗin da yawan litar da ya sha ranar da ka cika, mu yi lissafin tare.

Baffanka.